Daga Fadamar Argungu zuwa Yawuri: Bin Sawun Akwatin Sanyi na Masu Neman Shan Inna

Mun bar Birnin Kebbi ranar Litinin bayan sallar asuba, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin azahar yake wuce maki 40. A bayan motar akwai akwatunan sanyi guda biyu masu kama ɗaya, sai dai an shafa wa ɗaya jan fenti a murfi. Farin na rigakafi ne. Mai jan murfin na samfurin bayan gida ne, kuma tun da ya fara wannan aikin an haramta masa ɗaukar rigakafi har abada, ko da an wanke shi da ruwan bilic. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumar da za mu je shi ne jagoranmu, tare da wata ma'aikaciyar lafiya, domin akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure.

Labarin da ya fito da mu gajere ne. Wani mai ɗori a wani ƙauye da ke bakin fadama, gaba da Argungu, ya buga waya ya ce an kawo masa yarinya 'yar shekara 3 wadda ƙafarta ta dama ta saki, ya duba bai ga karaya ba, bai ga targaɗe ba. Wannan wayar ita ce rabin aikin. A ƙasar nan sunan cutar kansa yana nuna inda iyaye suke fara zuwa: Inna ce ta sha ƙafar, don haka sai a nufi mai magani kafin a tuna da asibiti. Masu sa ido sun daɗe da gane cewa jayayya da wannan ba ta da amfani, suka jawo masu ɗori da wanzamai da ungozomai da masu kemis cikin masu kai rahoto. Ƙa'idar da aka ba su ɗaya ce: duk yaron da bai kai shekara 15 ba, da hannunsa ko ƙafarsa ta yi laƙwas farat ɗaya, a faɗa, ko mene ne ake zaton ya jawo.

Hanyar Argungu kwalta ce, ba ta kai awa ɗaya ba. Daga nan muka sauka kan burji, shinkafar rani ta yi ja a hagu da dama, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, wasu gonakin an fara yanka. Muka fara da ƙofar mai gari, kamar yadda ya kamata.

"Ranka shi daɗe, mun zo duba ɗiyar da ƙafarta ta mutu," in ji jami'in.

"Madalla. Ku tai, uban nata yana jiran ku."

Abin da ya fi ɗaukar lokaci a zauren nan shi ne gano ranar da abin ya fara. Uban ya ce "kwanan baya". Kwanan baya ba ya shiga fom. Sai da ma'aikaciyar ta shiga ciki ta zauna da uwar, suka lissafa daga ranar kasuwa, aka tsaya kan cewa zazzaɓi ya fara daren Laraba, ranar Juma'a da safe yarinyar ta kasa tsayuwa. Kwana 3 ke nan da shanyewar. Ana son samfuri ya samu cikin kwana 14 daga ranar da gaɓar ta saki, saboda a makonni biyun farko ne ƙwayar cutar take fita da yawa cikin bayan gida. Bayan haka tana raguwa, har a zo a gwada a ce babu alhali ta wuce ta gidan. Idan an makara ana ɗauka duk da haka har zuwa kwana 60, amma sai a ƙara da samfurin wasu yara uku 'yan ƙasa da shekara 5 da suke cuɗanya da mai ciwon.

An fito da yarinyar aka kwantar a tabarma. Jami'in ya ɗaga ƙafar ya saki, ta faɗi kamar tsumma. Ya ɗan tsunkuli tafin, ta yi kuka, wato tana ji. Ya buga ƙasan gwiwa da gefen hannu, ta hagu ta zabura, ta dama shiru. Zazzaɓi a farko, ɓangare ɗaya, ji bai tafi ba, abin ya kammala cikin kwana biyu zuwa uku: wannan kamannin shan inna ne. Amma ya yi wata tambayar da ta fi kowace muhimmanci a irin ƙauyukan nan.

"Baba, da zazzaɓin ya zo, an yi mata allura?"

"An yi, a ɗuwawu, wajen wani mai shago."

Allurar ɗuwawu da ta sauka kan babbar jijiyar ƙafa tana kashe ƙafar yaro, kuma tana faruwa fiye da yadda mutane suke tsammani. Akwai kuma wani ciwon jijiyoyi da yake fara cin ƙafafu biyu tare yana hawa sama, akwai kumburin lakka, akwai tamowa mai tsanani. Ido ba ya raba su da tabbaci. Shi ya sa ba a ce wa iyaye shan inna ne, ba a kuma ce musu ba shi ba ne. Ana cewa za a gwada.

Ga yadda samfurin yake. Roba ce mai murfin murɗawa, busasshiya. Ana son bayan gida kamar giram 8, girman babban yatsan hannun babba. A sa yaro ya yi a kan leda ko takarda mai tsabta, ba a ƙasa ba, kada fitsari ko ruwa ya haɗu da shi, a ɗiba da ɗan cokalin da ke jikin murfin. A rubuta lambar mai ciwon da ranar ɗauka a jikin robar, ba a kan murfi ba, don murfi yana iya musanyuwa. A naɗe da auduga, a sa cikin leda mai zif, fom ɗin kuma cikin tasa ledar daban, domin ƙanƙara tana gumi, biro kuma yana narkewa. Sannan cikin akwati mai jan murfi, tsakanin robobin ƙanƙara huɗu daskararru. Mun jira har bayan azahar kafin yarinyar ta yi. Samfuri na biyu sai an samu tazarar aƙalla awa 24, saboda ƙwayar ba ta fita kullum bai ɗaya: yau a samu, gobe a rasa. Wanda ya raba bayan gida ɗaya cikin roba biyu ya sauya kwanan wata don ya huta da dawowa, ya yaudari dukan tsarin, kuma ba mai iya kama shi a nan take.

Da la'asar muka tsaya a wani ƙaramin asibitin mazaɓa inda ake ajiye rigakafi a firjin sola. A jikin firjin akwai takardar da ake rubuta sanyi safe da yamma, tsakanin maki 2 da 8. Na daɗe ina duba takardar. Idan ka ga lamba ɗaya tak an jera ta kwana talatin da biro ɗaya, ka san a zama ɗaya aka cike ta. Ta wurin tana hawa tana sauka, 4, 6, 5, 7 a ranakun zafi, alamar ana duba ma'aunin da gaske.

Ma'aikaciyar wurin ta fito da kwalbar ɗigon baki ta nuna tambarin da ke jikinta: da'ira mai launi, da ɗan murabba'i fari a tsakiya. Zafi yana sa murabba'in ya riƙa duhu, kuma duhun ba ya komawa. Muddin ya fi da'irar haske, kwalbar tana da rai. Ran da ya yi daidai da ita ko ya fi ta duhu, a jefar, ko da kwanan watan ƙarewa yana da saura. Ɗigon shan inna shi ne mafi raunin rigakafi a gaban zafi. A maki 37 kwana biyu ya ishe shi. Amma kuskuren da ya fi ɓuya shi ne na sanyi. Ɗigon baki ba ya damuwa da daskarewa, a manyan ɗakunan ajiya ma a maki 20 ƙasa da sifiri ake riƙe shi. Allurar shan inna da allurar nan mai haɗin cututtuka biyar kuwa, da zarar sun daskare sun lalace, kuma tambarin ba zai nuna komai ba. Don haka kafin a jera su a akwati sai a fito da robobin ƙanƙara a bar su a kan tebur har a girgiza a ji ruwa yana motsi a ciki. Mai gaggawa yakan tsallake wannan, ya yi wa yara allurar da ba ta da amfani, shi kuma ya rubuta a rajista cewa an yi.

A nan dole a faɗi abin da ake nema, domin mutane da yawa suna tambaya, kuma suna da haƙƙin amsa ta gaskiya. Ƙwayar shan inna iri uku ce. Ta daji, wato ta asali wadda ba daga rigakafi ta fito ba, nau'i na 2 an yi mata ganin ƙarshe a Indiya a 1999. Nau'i na 3 a Yobe aka ga na ƙarshensa a duniya, a 2012. Nau'i na 1 ya yi sallama da Najeriya a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ta daji. Yanzu a Pakistan da Afganistan ta rage. Abin da yake yawo a Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Katsina a shekarun nan wani abu ne daban: ƙwayar da ta samo asali daga tsohon ɗigon rigakafi. Ɗigon ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Tana hayayyafa a hanjin yaro, ta gina masa garkuwa, ta fita cikin bayan gida na wasu makonni. Inda kusan kowane yaro ya samu rigakafi, a nan take mutuwa, ba ta da wurin sauka. Inda yara da yawa ba su samu ba, ga kuma bahaya a fili da rijiyoyi a buɗe, sai ta riƙa tsalle daga hanji zuwa hanji wata da watanni, tana sauya rubutun gadonta kaɗan kaɗan, har ƙarfinta na shanye gaɓa ya dawo. Bayan an cire nau'i na 2 daga ɗigon yau da kullum a Afrilun 2016, yaran da aka haifa daga baya suka taso hanjinsu bai san shi ba, giɓin ya ƙara faɗi. Ni ina ganin ɓoye wa iyaye wannan bayanin kuskure ne. Wanda aka yi wa bayani dalla-dalla yakan gane da kansa cewa yaron da ba a yi wa ba shi ne gadar da ƙwayar take bi.

Binciken 'yan shekarun nan a kan wannan matsalar ya mayar da hankali. Rubutun gadon ƙwayar haruffa ne kamar 7,500. Raunin tsohon ɗigon nau'i na 2 ya rataya ne galibi a kan sauyi biyu kacal, kuma ɗayansu yakan warware cikin kwanaki kaɗan a hanjin yaro. Masu bincike suka sake rubuta sashen da wannan sauyin yake yadda sauyin harafi ɗaya ba zai iya warware shi ba. Suka ɗauke wani yanki da ƙwayar ba ta iya hayayyafa sai da shi, suka mayar da shi kusa da wurin da aka ɗaure, ta yadda in ta yi musayar wannan gefen da wata ƙwayar hanji, ta yar da abin da take rayuwa da shi. Suka kuma gyara injin kwafinta ya rage kuskure. Shi ne sabon ɗigon da ake kira nOPV2, wanda kamfanin Bio Farma na Indonesiya yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi izinin gaggawa a Nuwamban 2020, Najeriya ce ta fara amfani da shi a Maris 2021, kuma an riga an ɗiga fiye da biliyan ɗaya a duniya. Bai zama marar aibi ba, an ga ya juya a Kwango ta Kinshasa da Burundi a 2023, amma sau kaɗan ƙwarai in an kwatanta da tsohon. Kwalbarsa tana ɗaukar yara 50, ɗigo biyu kowanne, kuma ana ƙirga kwalaben da aka fita da su da safe a dawo da su da yamma, cike ko wofi, waɗanda aka buɗe a lalata su a wuri ɗaya.

Talata muka koma ƙauyen, aka samu samfuri na biyu da yamma, muka kwana a Birnin Kebbi.

Laraba tun kafin ƙarfe bakwai muna bakin wani babban kwalbati a gefen tsohon gari, inda magudanan unguwanni suke haɗuwa kafin su gangara fadama. Wannan shi ne ido na biyu na masu sa ido, kuma a wasu lokutan ya fi na farko gani. A cikin yaran da nau'i na 1 ya shiga, kamar ɗaya cikin 200 ne yake shanyewa. A nau'i na 2 ya fi haka ƙaranci sosai. Sauran suna ɗauke da ita suna wasa a layi lafiya lau. In aka tsaya jiran ƙafar da ta saki, ƙwayar ta riga ta zaga gari. Ruwan kwata kuwa yana tara abin da dubban gidaje suka fitar. A Kano aka fara wannan aikin a Najeriya a 2011, daga baya ya bazu.

Mai ɗibar ya sa takalmin roba, safar hannu, takunkumi da rigar leda. Ya zura bokiti da igiya a tsakiyar ruwa mai gudu, bakinsa yana fuskantar inda ruwan yake fitowa, bai bari ya taɓo laka ta ƙasa ba. Lita ɗaya ake so. Ya juye ta mazurari cikin jarka, ya ɗaure, ya goge bayanta da ruwan bilic, yana kiyaye kada ɗigo ɗaya ya shiga ciki, don bilic zai kashe abin da aka zo nema. Safiya ake zuwa saboda lokacin ne gidaje suke wanka da kewayawa. Ba a ɗiba bayan ruwan sama mai ƙarfi, ya tsinke samfurin. Ba a zaɓar wurin da ruwan marina ko baƙin man gareji yake shiga, domin guba ce ga ƙwayoyin halittar da za a shuka samfurin a kansu. Wani dattijo mai wucewa ya tsaya yana kallo.

"Yaro, mi za ku yi da ruwan kwata?"

"Baba, lafiyar jikokinka muke dubawa a ciki."

Daga nan muka ɗauki hanyar kudu: Kalgo, Jega da buhunan albasarta, Koko, sai Yawuri. Akwatin zai ci gaba ta Kontagora, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, har Ibadan, inda ɗaya daga cikin ɗakunan gwajin shan inna biyu na ƙasa yake, ɗayan yana Maiduguri. Awa 72 aka ba shi ya isa. Can za a buɗe a duba abu huɗu: ƙanƙara tana nan ko sanyin bai wuce maki 8 ba, ba yoyo, bai bushe ba, fom ya cika. In ɗaya ya faɗi, an rubuta samfurin a matsayin marar inganci.

Abin da ake yi masa a can ilimin ƙwayoyin halitta ne tsantsa. Bairos ba ya tsiro a kan abinci kamar bakteriya, sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Tun 1949 Enders da Weller da Robbins suka nuna a Amurka cewa ana iya renon ƙwayar shan inna a cikin kwalba, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1954, kuma har yau a kansa ake tafiya. Ana kaɗa bayan gidan da ruwan gishiri da sinadarin kuloroform, wanda yake kashe bakteriya amma ba ya taɓa wannan bairos ɗin saboda ba shi da rigar maiƙo. A juya a injin tacewa, a ɗebi ruwan sama, a zuba kan ƙwayoyin halitta iri biyu da aka shimfiɗa a bangon kwalba. Na farko, RD, daga ciwon dajin tsokar mutum aka samo su, suna karɓar bairos na hanji iri iri. Na biyu, L20B, na ɓera ne da aka dasa musu ƙofar da ƙwayar shan inna take shiga jikin mutum ta ita, don haka kusan ita kaɗai take iya cin su. A ajiye a maki 36, a riƙa leƙawa da madubin ƙara girma kullum. Lafiyayyun suna kwance a jere kamar daɓe. Waɗanda suka kamu sai su dunƙule, su saki bango, su yi iyo. Kwana 5, a sake shukawa a sabuwar kwalba wasu kwana 5, kafin a ce babu. Ruwan kwata kuma sai an fara matse rabin lita ta koma 'yan cokula, ta hanyar haɗa shi da sinadarai biyu da ba sa gauraya a bar shi ya kwana cikin sanyi.

In wani abu ya tsiro, gwajin PCR, mai gano ƙwaya ta rubutun gadonta, zai faɗi nau'insa, sannan a karanta sashen rubutun da ake kira VP1, haruffa kamar 900, a gwada da na asalin ɗigon. A nau'i na 2, bambancin haruffa 6 ko fiye yana nufin ƙwayar ta daɗe tana yawo. Da yake tana sauya kusan kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, yawan bambancin agogo ne: haruffa 18 suna cewa ta yi kamar shekara biyu ba a gan ta ba, wato akwai wani lungu da ido bai kai ba. Kamannin haruffan kuma yana nuna danginta, ko 'yar'uwar wadda aka gani a Zamfara ce ko ta tsallaken iyaka. Jinkirin renon nan ne ya sa masu bincike na Landan da Kinshasa suka gwada karanta rubutun gadon kai tsaye daga bayan gida da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba; a gwajin Kwango sun riga tsohuwar hanya da kusan sati uku.

Akwai wata dabara a tsarin da nake ganin ta fi kowace kyau. Hanjin yara a ƙasashen zafi cike yake da wasu bairos 'yan'uwan shan inna marasa shanye gaɓa, masu raunin zafi irin nata. Don haka ana sa ran aƙalla samfuri 10 cikin 100 su fito da irinsu, a ruwan kwata kuma aƙalla rabi. Ƙaramar hukumar da samfuranta suke dawowa fes kullum, ba shan inna ba 'yan'uwanta, ba a taya ta murna. Ana zuwa a duba ƙanƙararta. Haka ma wadda ta ce ba ta ga ko yaro ɗaya mai sakakkiyar gaɓa ba duk shekara, tunda ko ba shan inna ana sa ran aƙalla 2 cikin kowane yara 100,000.

A Yawuri muka tsaya kusa da bakin ruwa, inda kwale-kwale suke lodin mutanen tsibiran Neja. Yaran can sai da jirgi ake kai musu ɗigo, kuma masunta suna tashi da iyalansu in ruwa ya sauya, yadda gidan da aka yi wa alama da alli a wannan zagayen yakan zama kango a na gaba. Jami'in ya ja akwatin inuwa, ya buɗe sau ɗaya, da sauri. Robobi biyu na gefen da rana ta buga sun fara ruwa. Aka musanya su da daskararru, waɗanda su ma ba za su ƙara komawa firjin rigakafi ba. Ya rubuta lokacin a fom, ya ɗaure murfin da salatif, ya miƙa wa mai rakiyar da zai kai shi Ibadan, ya ce masa kada a sa shi kusa da injin mota, kada kuma a ɗora masa kaya.

Mu muka juya arewa. A cikin littafinsa jami'in ya ƙirga kwana 60 daga waccan Juma'ar, ya zagaye ranar da zai koma ƙauyen ya sake ɗaga ƙafar yarinyar. Kafin nan ya bar wa uwar aiki: ta riƙa lanƙwasa gwiwar da idon sawun a hankali tana miƙewa, sau uku a rana, don kada gaɓar ta ƙage, kuma kada a ƙara yi mata allura a ɗuwawu.